Karan Dafi da Sunan da Na Bari a Kumasi

Tun ran da na dawo daga ƙasar Gana ba a bar ni na sha kokona da zafinsa ba. Da na shimfiɗa buzu a ƙofar gida sai wani ya yi sallama, wai barka da hanya ya zo yi mini, alhali labari ya zo ji. Mutanen Paki sun ji sau uku-uku. Ranar kasuwar Makarfi wani mutumin Gazara ya tare ni a wurin masu mazarƙwaila, ya ce a garinsu ana cewa an ba ni digiri. Wani kuma ya taso tun daga Taba a kan babur don ya ji ko gaskiya ne na yi kuka a gaban Turawa. To, ba Turawa ba ne, kuma ba kuka ba ne, fankar ɗakin ce ta hura mini ido. Shi ya sa na sayi littafi mai layi da biro biyu, na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya, kuma ko a nan ɗin ma malamin ne ya roƙe ni in tsaya.

Ga abin da ya fitar da ni. Ina da 'yar fari. Kun san yadda muka tashi muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama a yi ta hira da shi. Ana yaye ta ƙanena Haruna ya ɗauke ta, shi ya riƙe ta har ta girma. Kafin wannan tafiya, shekara talatin da 'yan kai sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. In zancenta ya kama sai in ce ta wajen Haruna, a nan ma haka zan riƙa ce mata.

Ta wajen Haruna ta yi karatu a Zariya, daga nan ta samu gurbi a wata jami'a a Kumasi, tana bincike a kan sola. Yadda mahaifiyarta ta fassara mini, farantin solar da muke saye a kasuwa daga nesa ake kawo shi, ga tsada. Su kuma suna neman yadda za a rina gilashi da launin tsiro ya riƙa kama rana yana ba da wuta. Ta gwada zoɓo, ta gwada baba, duk rana ta cinye launin. Sai ta tuna da karan dafin da nake shukawa a gefen gona, wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake noma ta ba, don jan ɓawon da ke jikin karanta ne. Mahaifina ya noma wa dukawa ita suna rina jar fata, ni ma na gada, har da yadda ake jiƙa ɓawon da ruwan toka don launin ya kama ya zauna. Da ta zo hutu sai ta aiko mahaifiyarta ta tambaye ni. Na ba da dami biyu, na kuma yi wa uwar bayanin jiƙon da ƙarfi, yadda duk wanda ya laɓe bayan zana zai ji.

Bayan nan sai ga takarda. Ashe a jami'a akwai wani kwamiti wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a ɗauki sanin mutum ko kayansa ba tare da yardarsa ba. Takardar tana neman manomi ya sa hannu cewa ya yarda. Na duba na ga sunanta a sama da manyan baƙaƙe, sai na miƙa wa Haruna na ce 'yarka ce, sa hannu. Ya sa. Aka kusa shekara uku, aiki ya kusa ƙarewa, sannan wani mai ido a kwamitin ya lura cewa manomin da ke cikin binciken Idi ne, wato ni, mai sa hannu kuwa Haruna. Suka dakatar da aikin. An gwada a yi magana da ni ta wayar da ake ganin fuska, amma a Paki sai mutum ya hau surin da ke bayan gari yake samun sabis, kuma ina hawa fuskar mutanen ta daskare da baki buɗe. Daga ƙarshe suka ce in zo da kaina, ɗawainiyar hanya tasu ce.

Na ce ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Mahaifiyarta ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Malam, in ba su gamsu ba, duk abin da ta auna daga karanka a gefe za a ajiye shi. Shekara uku."

Washegari na tafi Ikara neman yadda ake yin fasfo.

Abokin tafiyata Alhaji Mudi ne na Makarfi, taubashina, wanda tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya yi fataucin goro a Gwanja zamanin yana da haƙora, ya ce hanyar nan ya san ta kamar zauren gidansa. Shi ya ba ni shawarar in tafi da sabon damin karan dafi, domin 'yan boko ba sa yarda da magana sai sun ga shaida. Na zaɓi dogaye, na naɗe a tsohuwar tabarma, na ɗaure da igiya wuri uku. Ban lura da kamar da abin ya yi ba sai da muka isa tashar Ikara, na ga mutane suna darewa suna salati. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce Allah ya jiƙansa, yaushe aka yi rashin? Na ce tun da kaka aka yanke shi. Mudi ya yi dariya har sai da ya zauna a kan buhun barkonon wata mata, ta kuwa tashe shi ba da ladabi ba.

Daga Zariya muka shiga doguwar mota zuwa Legas. Ba ni da labarin wannan hanya sosai, domin barci na yi ta yi, in na farka in tarar Mudi yana nuna wa maƙwabcinsa wani gari yana kiransa da sunan wani garin daban. A Legas na koyi cewa gaisuwa ba kyauta ba ce. Na tsayar da wani mutum don in tambayi tashar motocin Gana, na fara da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ban kai ga yaya aka ji da jama'a ba ya ce me nake sayarwa. Sai da muka ci karo da wani mai shayi ɗan Hunkuyi sannan muka zama mutane. Ya gane mu da jin magana, ya zaunar da mu, ya soya mana ƙwai, ya raka mu har bakin mota, bai karɓi komai ba sai ƙullin mazarƙwaila ɗaya da Mudi ya ciro daga jaka yana ƙunƙuni.

A iyakar Seme aka duba fasfo da katin rigakafi, duk lafiya, sannan aka zo kan tabarma. Wani ma'aikaci mai kaki ya sa aka kwance. Wani Bazabarme mai canji ya yi mana tafinta. Aka tambaye ni mene ne wannan, na ce kara ne. Na me? Na ce wutar lantarki za a yi da shi. Ma'aikacin ya dube ni, ya dubi karan, ya kira abokan aikinsa biyu ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa da cikakkiyar natsuwa. Ɗayansu ya ciro wayarsa ya ɗora a kan damin ya ce a yi masa caji. Bayan sun gama nishaɗinsu suka yi mini bayani da mutunci, cewa iri da ɗanyen tsiro ba sa tsallaka iyaka haka kawai, amma busasshen ɓawo ba laifi. Saboda haka na zauna a ƙasa tsakanin Nijeriya da Binin ina ɓare kara ɗaya bayan ɗaya, fasinjoji suna jira, direba yana duba agogo. Da gumi da ɓawo suka haɗu, tafukan hannuna suka yi ja wur. Mudi ya sanar wa mota duka cewa amarya yake rakawa Kumasi.

Kwatano garin babura ne, har mata suna tuƙawa da goyo a baya, kuma ba wanda ya juya ya kalle su sai ni. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar kunun zaƙi. Burodinsu dogo ne, ga tauri, Mudi ya sayi ɗaya ya yi ta dogarawa. Togo kuwa ban san me zan ce a kanta ba. Na buɗe ƙullin gyaɗa muna shiga, ban kai ƙarshensa ba aka ce mu sauko, mun zo iyakar Gana. A nan ne na fara ganin teku. Na tambayi Mudi ko haka ya bar shi, ya dube shi da kyau ya ce an ƙara masa ruwa.

A iyakar Gana wata mata ce mai kaki ta buɗe buhun ɓawon. Na gyara tsayuwa zan fara bayanin wutar lantarki, sai ta shinshina, ta yi murmushi, ta shafa cikinta, ta ce mu wuce. Na ce wa Mudi ka ga ƙasar da aka san darajar ilimi.

Daga Akra zuwa Kumasi abin da ya fi ɗaure mini kai hotunan mamata ne. Manya-manya a bakin hanya, mutum ya yi ado yana murmushi, na zaci 'yan takara ne. Aka ce sanarwar jana'iza ce, kuma mamacin yakan yi makonni yana jira kafin dangi su gama shiri, ranar kuma a sa baƙi da ja a yi kiɗa. Na ce mu a Paki in mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar har an raba goron sadaka. Mudi ya ce shi tsarin nan ya yi masa, domin ko ba komai mutum zai ga wanda bai zo ba.

A tashar Kumasi wata mata ta tarbe mu, Malama Fati, matar aure mai 'ya'ya biyu, ita ma ɗaliba ce a jami'ar. Kakan kakanta Bakano ne, a zango aka haife ta, wato unguwar Hausawa. Ita kwamiti ya naɗa ta yi mini tafinta, domin a ƙa'idarsu mai bincike ba ta fassara wa wanda ake neman yardarsa, ba ta ma kwana gida ɗaya da shi kafin zama, kada a ce ta saka masa magana a baki. Na ce wannan ƙa'ida ta yi daidai da tarbiyyar gidanmu. Fati ta sauke mu a ɗakin baƙi na gidan surukanta. Kafin mu huta Mudi ya ja mu neman gidan maigidansa na zamanin goro. Muka zaga zango sau biyu, a ƙarshe ya tsaya a gaban wani shagon sayar da waya ya ce nan ne ɗakin da yake kwana. Mai shagon ya ce ko zai sayi caja.

Da safe Fati ta kai mu karin kumallo wurin wata mai abinci. Shinkafa da wake ne, suna ce masa wace, amma jajaye, an zuba shi a ganye da taliya da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa. Na ci na ji daɗi, na tambayi me ke sa shi ja haka. Matar ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta jawo buhu. Jama'a, karan dafi ne. Buhu guda, cike. Ta ce a kasuwa ana sayar da shi tuli-tuli, kowace mai wace da shi take dafawa. Na tuna matar iyaka da ta shafa cikinta. Na dubi jajayen hannuwana. Mudi bai yi dariya nan take ba, sai da ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya yi hamdala, sannan ya kwanta a kan benci ya fara.

Ita Fati nata binciken a kan baƙi ne 'yan ci-rani: yadda suke adana abin da suka samu, yadda suke aika wa gida, da inda ake cutarsu saboda rashin sani. Da yamma ta ce ko za mu yarda ta yi mana 'yan tambayoyi, tunda Mudi tsohon ɗan ci-rani ne, ni kuma sabo. Kafin ta kunna rikoda ta karanta mana wata takarda: muna da ikon mu ƙi, muna da ikon mu tsaya a tsakiya, ba za a faɗi sunanmu ba, kuma ko bayan an gama in mun ce a goge za a goge. Na ce a raina bari in gwada wannan magana. Tana cikin tambaya ta uku na ɗaga hannu na ce na fasa. Ta kashe rikoda, ta ce ta gode, Baba. Shi ke nan. Ba roƙo, ba ɓata rai. Na zauna ina mamaki. A rayuwata an rubuta sunana don taki, an rubuta don ƙidaya, an rubuta don abubuwan da har yau ban ga ƙeyarsu ba, ba wanda ya taɓa cewa ina da ikon in ce a'a. Mudi kuwa ya yi awa biyu yana zuba, rabi ƙarya, har sai da Fati ta tuna masa da ladabi cewa yana da ikon tsayawa.

Rana ta uku aka kai ni jami'a, ni kaɗai da Fati, Mudi aka bar shi a ƙarƙashin wata bishiya. Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce, Farfesa, 'yar ƙasar, mai furfura da tabarau, tare da maza biyu. Suka ce kafin a tambaye ni ko na yarda, sai na ga abin da zan yarda da shi. Aka shiga da ni ɗakin gwaje-gwaje. Ga ta wajen Haruna cikin farar riga har gwiwa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na amsa ina duban silin, kamar yadda ya kamata.

Ta fito da wasu 'yan gilasai, kowanne bai fi gidan ashana ba, an shafa musu wani farin abu an tsoma a rini, sun yi ja irin na takalmin sallar mahaifina. Ta jera su a faranti, ta haɗa da siraran wayoyin wuta zuwa wata 'yar fanka, ta kai bakin taga inda rana ke faɗowa. Fankar ta yi ɗan jim, sai ta fara juyawa. Na cire hulata na rufe gilasan, ta tsaya. Na ɗauke, ta tashi. Sau bakwai na yi haka, ba wanda ya hana ni. Ta yi bayani, Fati tana maimaita wa mutanen da Turanci, cewa ƙarfinsa bai kai na solar kasuwa ba ko kusa, kuma har yanzu rana tana cin launin, sai dai wanda aka jiƙa da ruwan toka yadda ake yi a gidanmu ya fi sauran daɗewa. Karan da nake shukawa a gefen gona don kada irin mahaifina ya ɓata, shi ne yake juya fanka a wata ƙasa. Farfesa ta tambayi yadda na gani. Na mayar da hulata na ce, to, ba laifi, wasan yara ne. Fati ta ɗan dube ni, ta fassara. Farfesa ta rubuta.

Muka koma ɗakin zama. An ajiye mini kujera kusa da ta ta wajen Haruna, sai na ja tawa na juya ta gefe. Na ga mazan nan biyu sun dubi juna. Aka ce ta fita ta jira a waje. Aka kunna rikoda, aka karanta mini takarda irin ta Fati, na ce wannan na san ta, har na taɓa fasawa sau ɗaya.

Tambaya ta farko, ko na san mai binciken. Na ce nakan gan ta. Mene ne sunanta? Na dubi fankar sama. Aka sake tambaya, na ce su ai sun sani, yana rubuce a gabansu. Ko an tilasta mini in ba da karan? Na ce wa ya isa. To me ya sa ban sa hannu a takardar farko ba? Na ce ba hurumina ba ne, Haruna ne ubanta.

Fati ta tsaya ba ta fassara ba. Ta ce, "Baba, in faɗa haka?"

Na ce ta faɗa mana, ai haka ake faɗa.

Ta faɗa. Farfesa ta buɗe wani fayil ta nuna wa na kusa da ita wani layi. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan aka kira ta wajen Haruna ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa. Farfesa ta yi mata doguwar magana da Turanci, a hankali, ba faɗa. Ni dai na ga yarinyar ta sunkuyar da kai, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dube ni ta gefen ido, ta rufe. Ta fara tattara takardunta tana daidaita gefensu a kan tebur, alhali a daidaice suke.

Na taɓa Fati na ce me ake ciki. Ta ce a takardar da ta wajen Haruna ta cika tun farko ta rubuta cewa manomin mahaifinta ne. Yanzu ga manomin ya ƙi zama kusa da ita, ya ƙi kiran sunanta, ya raina aikin, ya kuma ce wani ne ubanta. Saboda haka kwamiti yana ganin ko dai akwai rigima a tsakani, ko kuma ta rubuta abin da ba gaskiya ba. Za a kai maganar sama. In aka kama ɗalibi da ƙarya a irin wannan takarda, ba aikin kaɗai ke tafiya ba.

Na ce to ita me ya hana ta yi musu bayani?

Fati ta ce, "An ba ta dama, Baba. Amma ba za ta musa maganarka a gabanka ba."

Nan ne fankar nan ta fara hura mini ido.

Na ce wa Fati ta gaya musu kada a kashe rikoda, tsoho bai gama ba. Na juyo da kujerata daidai. Na ce a ƙasarmu akwai abin da ake kira kunyar ɗan fari. Wanda Allah ya fara ba ka, ba ka nuna shi, ba ka yabonsa, ba ka kiran sunansa, kana ba ɗan'uwanka ya riƙe, kai kuma ka koma gefe kana leƙe. Ba ƙi ba ne. In da ƙi ne, da ban zauna a ƙasa a Seme ina ɓare kara ba. Na ɗaga musu hannuwana, jan bai gama fita ba. Na ce da na ce wasan yara ne, ƙarya na yi, kuma a rubuta cewa ni na yi ta, ba ita ba. Karan nawa ne, jiƙon na mahaifina ne, na ba ta da yardata, in tana son gonar ma ta zo ta ɗauka.

Fati ta fassara musu. Ta ce ita kanta ta taɓa jin haka wurin kakarta, amma ta zaci tsohon zance ne. Farfesa ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce yanzu ta fahimta, su ma suna da nasu abubuwan da baƙo ba zai gane ba, kuma aikin kwamitinsu bai haɗa da sa mutum ya karya al'adarsa ba. Tunda ana buƙatar a san wa na ba izini, ya isa in nuna sunan da yatsa a takarda, su shaida.

Aka turo mini takardar. Ga sunan nan da manyan baƙaƙe, kamar wancan karon. Hanya mai sauƙi ce, kuma Allah ya sani na ɗaga yatsan. Sai na tuna cewa ɗazu a cikin rikodar nan, da bakina na ce wani ne ubanta, kuma maganar tana ciki, za a ajiye ta. Na mayar da yatsana. Na matso da bakina kusa da rikoda, na ce ni Idi na Paki, na ba 'yata ta cikina, 'yar farina, izini. Sannan na faɗi sunan. Cikakke, har da nawa a ƙarshensa.

Daga bakin ƙofa na ji an ce, "Na'am, Baba."

Ba kiranta na yi ba, ita ma ta sani. Bakinta ne ya riga ta. Ta sa hannu ta rufe shi, takardun da ta gama daidaitawa suka zube ƙasa. Ɗaya daga cikin mazan nan ya tashi yana tsince su, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda takardun suke buƙata. Ni kuwa na nemi biro, na rubuta Idi da hannuna, harafi uku, aji huɗu ya yi ranarsa. Farfesa ta buga hatimi, ta ce aiki ya ci gaba.

Da muka fito tare da ta wajen Haruna, Mudi ya taso daga gindin bishiya ya dubi fuskata, ya dubi tata, ya ce wa ya mutu? Na ce ba kowa, fanka ce. Ya ce shi ma tun da ya zo ƙasar nan ya lura fankokinsu ba su da tarbiyya. Ranar ita ta kai mu cin abinci, sakwara da miyar gyaɗa, wadda ake haɗiya ba a taunawa. Ta zauna nesa kaɗan, ni ma na dubi wani wajen, amma ta zuba mini nama sau biyu ban ce ya isa ba. Buhun ɓawon da na sha wahalarsa ta karɓa da hannu biyu, ta ce na kasuwar Kumasi ba irin namu ba ne, namu ya fi duhu. Ko gaskiya ne ko don ta rufa mini asiri a gaban Mudi ne, ban bincika ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Seme ma'aikacin nan ya gane ni, ya tambaya ko an samu wutar. Na ce an samu, ta juya fanka. Ya ce Allah ya ƙara ilimi, Farfesa. Ina jin daga nan zancen digirin ya samo asali, domin Mudi yana wurin.

Yanzu kullum a majalisa sai an ce, Malam Idi, wai me ka ce a cikin rikodar, maimaita mana. Haruna ma da kansa ya zo ya zauna yana murmushi yana jira. To, ku ji da kyau, tunda don haka na sayi biro biyu. Sau ɗaya na faɗa, a wata ƙasa, bayan iyaka uku, kuma a can na bar shi. A Paki ta wajen Haruna ce, haka za ta ci gaba da zama. Rikodar tana Kumasi a cikin kabad an kulle. Da za mu rabu Fati ta sake tuna mini cewa duk ran da na ga dama, ina da ikon in aika a goge. Har yau ban aika ba.